Almu, Mai Nutso Ido Rufe

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan bakin gulbi, daga Kebbe har zuwa Fakku, ya san Almu, ko da bai so saninsa ba. Ba a nemansa ranar daɗi. In ka ga babur tsaye a ƙofar gidansa ba a kashe shi ba, to ruwa ya ci mutum, an zo ɗaukarsa ya tsamo gawa. Shi kuwa ko lomar tuwo ce a hannunsa zai mayar da ita cikin kwano, ya rataya igiyarsa a kafaɗa, ya haye bayan babur ba tare da ya tambayi ɗan wane ne ba.

Gajere ne kakkaura mai faɗin ƙirji. Kunnensa na hagu ruwa ya daɗe da kashe shi, don haka in kana masa magana sai ya karkato maka da na dama, in maganar ba ta gamshe shi ba kuma ya miƙo maka na hagun. Yana da gonarsa ta gero, yana taɓa kamun kifi da rani kamar kowane Basarke, amma ba da wannan aka san shi ba. Aikinsa shi ne kada uwa ta kwana ɗanta yana cikin ruwa. A yi wa mutum wanka, a sallace shi, a kai shi makwancinsa rana ba ta faɗi ba. Wanda bai taɓa zama a bakin gulbi yana jiran ruwa ya amayo masa nasa ba, ba zai san girman wannan ba, Allah kuma kada ya sanar da shi.

A hannun ubansa Na'iya ya koya. Ana kafa dogon gora a inda aka ga mutum ya nutse, mai nutso ya ɗaura igiya a ƙugu, ya cika ƙirji da iska, ya bi goran har ƙasa. Daga nan sai lalube, hannu da ƙafa, cikin laka da saiwoyi da tsoffin komayen kamun kifi. In ya taɓa abin da yake nema sai ya riƙo ta baya, ya ja igiya, na sama su jawo su. Da sun ɓullo sai ya miƙa wa masu jira da zane, ya juya musu baya, ya fita ta wata mashaya. Ba ya kallo, ba ya zuwa wurin wanka. Doka ɗaya ce Na'iya ya kafa masa tun yana ɗan saurayi, har da mari a kanta: tun daga shiga har fita, ba a buɗe ido.

Mutanenmu dai, in ba su gane abu ba sai su ce asiri ne. Aka yi ta yaɗa cewa Almu yana da alkawari da mutanen ruwa, wai in ya kalle su za su riƙe shi. Ƙarya ce tsagwaronta. Mutumin da liman ke tarar da shi a sahun farko, ina shi ina alkawari da aljanu? Shi kansa ya taɓa tambayar uban dalili, tsohon ya ce masa hannu yana mantuwa, ido ba ya yi. Almu ya ɗauki wannan a maganar tsofaffi. A ransa ya yanke cewa dalilin bai wuce laka ba, don ruwan gulbinmu da damina kamar kunun kanwa yake, in ka buɗe ido a ciki ka yi kwanaki kana hawaye, kuma ba abin da za ka gani.

To haka ya yi ta shiga yana fita har furfura ta cika masa gemu. Kuma ga abin da bai taɓa gaya wa kowa ba sai matarsa Bara'atu: yana so, kafin ƙarfinsa ya ƙare, ya ga ƙarƙashin ruwa da idonsa ko sau ɗaya. Ya san gulbin nan kamar yadda makaho ya san ɗakinsa, ya san inda rami yake da inda dutse yake, amma bai san kamarsa ba. Duk lokacin da ya faɗa, Bara'atu sai ta ce masa me zai gani in ban da kwaɗi.

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma Gazali, ɗansa na fari, ko a wurin wanka ba ya son ruwa ya wuce masa idon sawu. Kasuwa ce ta ja shi. Ya fara da tiren kayan yaji a kasuwar Tambuwal, citta da masoro da kanumfari, ya koma Sakkwato, ya koma Kano, Allah ya yi wa abin albarka, har ya kai shi da abokan cinikinsa suna zuwa Zanzibar da kansu sarin kanumfari. A wata tafiya ce mai ba shi kaya ya kai shi bakin teku, ya ga baƙi daga ƙasashe suna shiga jirgin ruwa da tukwanen iska a baya, suna faɗawa cikin teku don kallo kawai. Shi dai bai shiga ba, ina! Amma ya sa aka tura masa bidiyon a waya, ya dawo da shi har gida.

A zaure ya nuna wa uban. Almu ya riƙe wayar da hannu biyu. Ruwa ne garau kamar ba ruwa ba, rana tana ratsa shi har ƙasa. Ga kifaye rawaya da shuɗi da masu zane kamar atamfa, ga kunkuru yana tafe a natse kamar mai gari, ga wasu duwatsu masu rassa da Gazali ya ce murjani ne da ransa. Da ya ƙare ya ce a maimaita. Aka maimaita har wayar ta mutu.

Gazali ya ce, "Baba, can nika son in kai ka. Ka shiga ka gani da idonka."

Almu ya miƙo masa kunnen dama ya ce ya sake faɗi.

Daga ranar gidan ya koma gidan shiri. Aka kai shi Sakkwato aka yi masa hoton fasfo, ya fito a ciki fuska murtuke kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Gazali yana kira yana bayani: za su tashi daga Kano, su sauka wata ƙasa su canza jirgi, sannan Zanzibar. Garin Musulmi ne, akwai masallatai, ba zai ci abin da bai sani ba. Akwai malamin nutso da zai fara koya masa a ruwa marar zurfi, yadda ake numfashi da tiyo a baki, da yadda ake magana da yatsu a ƙasa. Wannan ta ba Almu dariya har da tari, wai shi za a koya wa nutso, kuma wai mutum sai ya goyi tukunya kafin ya iya zama a ruwa. Ya tambaya ko gishirin teku yana cin ido, ko akwai kada, ko za a bar shi ya taɓa kunkurun. Kunnensa ma sai da Gazali ya sa likita ya duba, likitan ya ce in dai ba zai yi zurfi ba, ba laifi. Bara'atu da ke cewa kwaɗi, ita ce ta fara ba da saƙo, a ɓallo mata murjani ko reshe ɗaya ne. Da aka ce mata an hana taɓawa, ta ce to amfanin tafiyar me?

Lokaci ne kawai suka yi gardama a kansa. Gazali ya so su tafi da damina, Almu ya ce ko kusa, lokacin da gulbi ke cika yana cin mutane ba zai bar gari ba. Aka tsayar da bazara, kafin ruwan farko. Kowa ya ji, har a kasuwar Kebbe ana tsokanarsa da Alhajin Teku, shi kuwa yana washe baki kamar ango.

Bayan kaka Gazali ya aiko direba da wani ƙunshi. Tabarau ne na nutso, gilashi mai faɗi da roba a gefe, yana rufe ido da hanci. Ya ce uban ya riƙa sabawa da shi kafin tafiya. Yaron nan alheri ya nufa, Allah ya sani.

Lokacin ruwa ya ja baya, laka ta kwanta. Almu ya zaɓi hantsi, ya tafi wata mashaya da ba kowa, ya ɗaura tabaraun, ya yi bisimilla ya sauka. Sai da ya kai ƙasa ya tuna idonsa a rufe yake, sabo ya riga shi. Ya buɗe.

Allah sarki. Ba teku ba ce, gulbinmu ne dai, ruwan kore-kore, ba a gani fiye da tsawon gora. Amma ya ga ciyawa tana rausaya, ya ga garken ƙananan karfasa sun zo sun tsaya a gaban gilashin suna kallonsa, ya ga tarwaɗa kwance a gindin dutsen da ya sha yi masa rauni a gwiwa. Dutsen ashe ja ne. Ya ga ƙafafunsa a kan yashi. Ya fito ya sha iska ya koma, ya fito ya koma, har azahar ta kusa kufce masa. Da ya dawo gida yana ba Bara'atu labari, sai ta ga tsoho yana share ido da bakin riga, ta ce ya ci abinci tukuna.

Bai fi mako biyu da wannan ba, ranar kasuwa, jirgin fito ya kife. An cika shi da buhunan shinkafa da mutane fiye da kima, kamar kullum, sai an yi asara a ce tsautsayi. Maza suka yi iyo suka fita, aka jawo wasu, aka ƙirga aka ga babu Batula, wata matar aure daga ƙetaren gulbi, da goyonta.

Babur ya zo. Almu ya ɗauki igiya, har ya kai zaure sai ya tsaya. Ya yi tunani irin na mai hankali: ruwa a kwance yake, ga abin da ke tare laka, me zai sa ya ɓata lokaci yana lalube, mijin baiwar Allah yana tsaye a gaɓa? Da Na'iya ya samu irin wannan a zamaninsa, ai da ya yi amfani da shi. Ya koma ya ɗauko tabaraun.

Ya same ta a nutson farko, kuma wannan shi ne abin da ya ci shi. Tana tsaye ne a ƙasan ruwa, zanenta ya sarƙe da wani kututture. Ta riga ta kwance goyon. Ta ɗaga jaririyar sama da hannu biyu iyakar tsawon hannunta, kanta a ɗage, idonta a buɗe yana kallon inda hasken yake. Tsakanin yarinyar da saman ruwa bai kai tsayin mutum ba. Haka suka ƙare su biyu, ba ta sauke hannun ba.

Da a ce lalube ya yi, da ya taɓa baya, ya kwance zane, ya ja igiya, shi ke nan. Sau nawa ya yi haka? Wa ya san abin da ya yi ta wucewa ta gabansa shekara da shekaru bai sani ba? Ya yi aikinsa dai, ya fito da su, ya miƙa, ya juya baya kamar yadda ya saba. Mutane suna ta sa masa albarka, suna cewa yau ko jira ba a yi ba, wannan tabarau alheri ne.

Gani ya kori ji, in ji masu magana, amma ba su faɗi abin da ke korar gani ba. Almu ya daina zuwa su. In ya debo ruwa zai wanke fuska a alwala, da ya runtse ido sai ga ta, hannu a sama. Ba ita kaɗai ba ma. Duk waɗanda ya tsamo tun yana saurayi, waɗanda hannunsa ya daɗe da mantawa, sai suka fara dawo masa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya samu fuska. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bara'atu ta karɓo rubutu, ta yi hayaƙi, ta yi faɗa, ta yi lallashi. Da ta matsa masa ya gaya mata abin da ya gani, sai ta zauna a kan turmi ta yi kukan da shi ya kasa yi.

Gazali da ya ji, sai ya rufe shago ya taho. Ya ce laifinsa ne, uban ya ce ya bar wannan magana, don kallon kifi ya aiko da tabaraun, ba shi ya ce a kai shi wurin aiki ba. Gazali ya ce to tafiyar ce ma maganin abin. Can babu kowa a ƙasa sai kifi da murjani, in ya cika idonsa da su za su ture wancan. Almu ya so ya yarda, wallahi ya so. Har yanzu in an kunna masa bidiyon yana kallo har ƙarshe. Ya ce a bar tafiyar a inda take, kafin bazara Allah zai kawo sauƙi. Aka ɗinka masa kaya sababbi, Bara'atu ta daka masa yaji ta ƙulle a leda, don ta ji an ce abincin bakin teku lami ne.

Zafi ya shigo, ruwa ya koma ramuka masu zurfi, makiyaya suka gangaro da shanu bakin gulbi. Ana gobe Gazali zai zo ɗaukarsa, sai ga babur. Wani saurayi ne, Mansur, ɗan wani makiyayi da ake kira Siddiƙ, ya bi maraƙin da ya zurma rami. Maraƙin ya fita, shi bai fita ba.

Almu ya ɗauki igiya kawai. A hanya yana ce wa ransa, in na shiga yau na fito, to teku ma zan shiga. Ya tarar da Siddiƙ a gaɓa, dogo siriri, ya dogara da sandarsa, ya yi masa sannu da zuwa. Aka kafa gora. Almu ya ɗaura igiya, ya shiga har ƙugu, har ƙirji, ya cika ƙirji da iska, ya rufe ido kamar yadda aka koya masa, ya nutsa.

Ko rabin goran bai kai ba ya ɓullo yana haki. Ya sake, ya sake ɓullowa. Duhun da ya yi masa aiki duk tsawon rayuwarsa yanzu cike yake da mutane. Ya gwada da ido buɗe, nan ma hannunsa ya ƙi sakin goran. Mutumin da ake cewa yana iya zama a ƙasa har na sama su fara salati, ga shi a tsaye ruwa iya wuya, ya kasa nutsawa. Ya fito, ya kwance igiyar, ya je gaban Siddiƙ ya durƙusa ya ce ya yafe masa, ya kasa.

Samari suka gwada da ƙugiya da koma, ramin ya fi ƙarfinsu. Babu wani mai nutso a duk yankin, don Almu bai koya wa kowa ba, kullum yana cewa da sauran lokaci. Saura jira, sai ruwa ya ga dama. Jama'a suka watse da la'asar, Siddiƙ ya shimfiɗa buzu a gindin wata giyayya ya zauna yana fuskantar ramin. Almu ya zauna kusa da shi. Aka ce ya koma gida, ya ba su kunnen hagu. Bara'atu ta riƙa aiko musu da fura, tana komawa kusan yadda ta zo.

A nan Gazali ya same shi washegari, ya bar mota a kan tudu ya gangaro da takalmansa masu tsada cikin taɓo. Ya gai da Siddiƙ, ya yi masa jaje, sannan ya ja uban gefe. Ya ce jirgi ba ya jira, in ba su kama hanyar Kano yau ba, shi ke nan. Ya ce zamansa a nan ba zai fito da yaron ba.

Almu ya ce, "Na sani. Amma da na iya aikina, da mutumin ga shina gida ana yi mai gaisuwa. Ba ni tashi in bar shi."

"To mu ɗaga, Baba. Ko baɗi."

"Gazali, Allah shi yi ma albarka. Ka gani da idonka, ruwan da anka haife ni cikinsa na kasa shiga. Wane teku kuma? Na roƙi Allah in ga ƙasan ruwa, ya nuna min. Ya isa."

Gazali ya tsaya yana kallon ramin. Daga baya ya cire takalman ya zauna a kan yashi, bayansu kaɗan.

Rana ta yi tsaka, shanun Siddiƙ suna kwance a inuwa suna tuƙa, maraƙin yana cikinsu. Tun jiya makiyayin bai yi doguwar magana ba, irin kunyarsu ko sunan ɗan bai kama ba. Sai can ya juyo, ya matso ta wajen kunnen da ke ji, ya yi ƙasa da murya.

"Baba Almu, kai ka san ƙasan ruwa. Ka gaya min tsakani da Allah. Yaron ga ya sha wuya?"

Almu bai taɓa yi wa mai makoki ƙarya ba, don bai taɓa sanin abin da zai ɓoye ba. Ya dubi ruwan.

Ya ce, "A'a. Kamar barci na, bai ji komi ba."

Siddiƙ ya gyaɗa kai, ya ce alhamdu lillahi, ya gyara zama. Suka ci gaba da jira.